Shaidar Mai Gadi

Ni ne Tanko, mai tsaron shuɗiyar ƙofa,
shekara talatin da ɗaya ina kaɗa ƙararrawa
a makarantar kuɗi ta bayan Ƙofar Ƙaura.
Ban iya boko ba, amma na iya karanta fuska,
don haka aka ɗauke ni.

Marigayi Alhaji Maiwada ya gina ta
da ribar auduga da ta gyaɗa,
ya dasa darbejiya goma sha biyu a jere.
Bai rubuta dokarsa a bango ba,
a kunne ya raɗa mini ita:
ɗan mahauci, ɗan majemi, ɗan wanzami, ɗan makaɗi,
ka ce musu gurbi ya cika.
Gurbi bai taɓa cika ba.
Ni nake goge kujeru huɗu da ba mai zama a kansu.

Wata Litinin Barau Majemi ya zo da ɗansa Lurwanu,
an aske kai ƙwal, an sa wa riga bula,
kuɗin zango a ƙulle cikin tsumma.
Yaron ya sha sabulu, na gani,
amma bagaruwa ba ta sakin hannu da wuri.
Na ce gurbi ya cika.
Barau ya leƙa ta kafaɗata, ya ƙirga kujerun da ido,
ya ce, Tanko, jiya sahu ɗaya muka tsaya.
Na dubi ƙararrawa kamar tana da abin faɗa.

Ya sayar da fatun Layya guda, ya shigar da ƙara.
Gari ya yi dariya: kifin rijiya zai ja da kada.
Lauyan makaranta ya gyara baƙar riga, ya ce
wanda ya haƙa rijiya shi ke zaɓen guga.
Lauyar Barau, Asabe, gajeriya mai tabarau,
ta ce, a filin wa aka haƙa ta?
Wa ya buga hatimin izini, da harajin wa?

Sai ɗagewa.
Alƙali ya tafi Hajji, aka ɗage.
Gara ta ci rabin fayil, aka ɗage.
Alhaji ya rasu, magada suka ɗaukaka ƙara,
darbejiyar ta wuce katanga.

A shekara ta bakwai aka kira ni.
Daren jajiberi buhun shinkafa ya iso gidana,
babu saƙo, babu suna.
Mun ci, ba zan ɓoye ba, 'ya'yana tara ne.
Amma da aka sa ni alwala, aka miƙo mini Littafi,
sai raɗar nan ta fito da ƙafarta,
kalma bayan kalma, yadda ta shiga,
har da kujerun huɗu.
Magatakarda ya ce in sassauta, alƙalaminsa bai kai ni ba.

Hukunci ya zo a shekara ta tara.
Lurwanu ya yi gemu, hannunsa ya rine kamar na uban.
Ƙanwarsa Hajjo ce ta shiga,
ni na buɗe mata, duka ganye biyu,
ko kallona ba ta yi ba.

Zango na gaba kuɗin makaranta ya ninka uku.
Aka sallame ni da agogon bango.
Yanzu ba a neman mai karanta fuska,
takardar banki ce ke gadi,
ita kuwa ba a rantsar da ita.

Bara Lurwanu ya tsaya a ƙofar gidana,
ya ajiye buzun salla, jima mai laushi,
ya ce, Baba, gwiwa ta tsufa.
Bai ƙara ko kalma ba, ya hau kekensa.
Sau biyar a rana nake kai goshina kansa,
sau biyar bagaruwa ke gaishe ni.